Ingilishi a Makarantun Lise na Dogon Dutsi da Tibiri: A Buɗe wa Manyan Ɗalibai Ajin Zaɓi

A ranar 26 ga Maris, 2025, Janar Abdourahamane Tiani ya ƙaddamar da sabon kundin tafiyar da ƙasar Nijar, wanda ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Tun daga lokacin, hirar fada da tasha da gidajen rediyo ta fi karkata kan abu biyu: ɗaukakar da Hausa ta samu, da saukar Faransanci daga kujerar da ya daɗe a kai tun kafin ƴancin kai na 1960. Harshe na uku da kundin ya ambata ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali shi ya fi buƙatar aiki. Hausa tana bakin jama'a, Faransanci yana ofis da allon makaranta. Ingilishi kuwa ba zai zama harshen aiki ba sai an samu ƴan ƙasa da za su yi aiki da shi: su karanta takarda su fahimta, su rubuta wasiƙa, su yi ciniki, su kare hujjarsu a gaban baƙo.

Ra'ayina shi ne, a ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Doso, hanya mafi kusa kuma mafi sauƙin kuɗi ita ce a buɗe ajin Ingilishi na zaɓi ga ɗaliban lise, daga segon zuwa tarminal, ban da darasin dole da ake yi musu yanzu. Aji ne da ɗalibi zai shiga don kansa, ba tare da biyan ko dala ba, a koya masa magana da karatu da rubutun da zai yi amfani da su, kuma a riƙa yi masa bayani da Hausa.

Iyakar da ta raba allo biyu

Duk wanda ya san Arewa ya san ita da Najeriya ba baƙin juna ba ne. Daga Dogon Dutsi ko Kore Mairuwa ko Tibiri, tafiyar babur ce ke kai mutum jihar Kabi, inda akwai ƙaramar hukuma mai hedikwata a Kangiwa da ke ɗauke da wannan suna na Arewa. Dangi ɗaya ne, ana auratayya, ana cin kasuwannin juna, ana zuwa suna da ta'aziyya.

Abin da ya raba su alƙalamin Turawa ne. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla ranar 14 ga Yuni, 1898, ta ja iyaka ta tsakiyar kwarin Dallol Mawri, har ta haɗu da wata da'ira da aka zana mil 100 kewaye da Sakkwato. Faransa ta ga layin ya hana ta hanya mai ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai ta nemi gyara, aka sake zama a 1904 da 1906, aka matsar da iyakar. Da haka Dogon Dutsi da Matankari suka tabbata a hannun Faransa. Sakamakon yana nan har yau: jikan mutumin Matankari ya tashi da Faransanci a allo, ɗan uwansa na Kangiwa ya tashi da Ingilishi, kuma idan suka haɗu a gidan biki da Hausa za su gaisa.

Saboda haka Ingilishi a Arewa ba harshen wata ƙasa mai nisa ba ne. Yana jikin takardar naira, yana jikin kwalin magani da buhun taki, yana cikin saƙon waya da takardar asibitin da aka rubuto wa majinyaci a Birnin Kabi ko Sakkwato. A ɗauki mai lambu a bakin Tapkin Saw da ya sayo kwalbar maganin ƙwari daga ƙetaren iyaka don ya fesa wa tumatir ko dankalinsa. Bayanin da ke jikin kwalbar duk da Ingilishi ne: awo nawa za a zuba a tankin feshi, kwana nawa za a jira kafin a tsinki amfanin, me za a yi idan ya taɓa ido ko yaro ya sha. Ya miƙa wa ɗansa ɗan tarminal. Yaron ya juya kwalbar, ya gane kalma nan, ya gane kalma can, amma ya kasa faɗa wa mahaifinsa da tabbaci ko kwana uku ne ko mako biyu. Uban ya karɓi abinsa ya zuba da ka, kamar yadda maƙwabcinsa ke yi. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin lafiyar mai feshi da ta mai cin tumatirin duk suna rataye da layukan da aka kasa karantawa.

Akwai wata asarar ta daban. Masaniyar nan Adeline Masquelier ta jami'ar Tulane a Amurka ta shafe shekaru tana bincike a Dogon Dutsi. Ta fitar da littafi kan bori da Musulunci a garin a 2001, wani kan mata da farfaɗowar addini a 2009, sannan a 2019 ta fitar da littafi mai suna Fada kan zaman samari da shayinsu. Duka da Ingilishi aka rubuta su. Ɗalibai a Amurka da Ingila suna karanta labarin unguwannin Dogon Dutsi suna muhawara a kai, amma ƴaƴan garin kaɗan ne za su iya buɗe littafin su ce nan ta yi daidai, nan kuma ba haka abin yake ba. Al'ummar da ba ta iya karanta abin da aka rubuta a kanta ba ta da bakin gyara shi.

Shekara bakwai, baki bai buɗe ba

Wani zai ce ai ana koyar da Ingilishi a makarantunmu. Gaskiya ne. Darasin dole ne tun daga sizyem: shekara huɗu a kwaleji, uku a lise, bakwai ke nan, kuma yana cikin jarrabawar BEPC da ta Bak. Tambayar ita ce, me yaro ke fita da shi bayan shekara bakwai ɗin?

A leƙa ajin a gani. Mushe, wato malami, ya shigo ya yi gaisuwa da Ingilishi, ɗalibai sun miƙe sun amsa baki ɗaya. Daga nan ya juya ga allo ya rubuta ƙa'idar nahawu, ya yi bayaninta da Faransanci, ya jero aikatau masu siffa uku-uku a ce a haddace. Ɗalibai suna kwafa, uku ko huɗu a benci ɗaya, littafi guda a tsakaninsu idan an yi sa'a. Kafin a gama kwafa an buga ƙararrawa. A cikin sa'ar nan, ɗalibin da ke bencin baya bai furta jimla ɗaya tasa ta kansa ba, kuma haka zai iya ƙare wata uku. Ya san sunan kowace ƙa'ida, yana iya cike gurbi a takardar jarrabawa, amma idan baƙo ya tambaye shi hanyar tasha sai gumi ya karyo masa.

Ba laifin malamai ba ne. Da yawansu sun yi karatu mai kyau a sashen Ingilishi na Jami'ar Abdou Moumouni ko a babbar makarantar horar da malamai ta Yamai. Amma an ba su aji cike maƙil, da manhajar da dole a gama ta kafin jarrabawa, da jarrabawar da ta fi ba rubutu da nahawu nauyi. Da yawa kuma ƴan kwantiragi ne, waɗanda hankalinsu ke rabe tsakanin allo da cefanen gida. A da, ƴan sa-kai na Peace Corps, waɗanda suka fara zuwa Nijar a 1962 a matsayin malaman Ingilishi, suna taimakawa wajen jin harshen daga bakin masu shi, amma an kwashe su a Janairun 2011 saboda matsalar tsaro.

Abin da ya fi damuna shi ne halin ƴan sashen kimiyya. Nauyin makin Ingilishi ya fi yawa a sashen A, don haka ɗan sashen kimiyya, C ko D, yakan ajiye shi gefe ya rungumi lissafi da kimiyya, kuma ba a ga laifinsa ba, domin can makinsa yake. Amma shi ne gobe zai shiga likitanci ko injiniyanci ko ilimin kwamfuta, fannonin da mafi yawan sabon bincikensu da Ingilishi ake wallafa shi. Wanda ya fi kowa buƙatar harshen shi tsarin ya fi nesanta da shi.

Me ya sa manya, me ya sa zaɓi

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a fara tun firamare. Aljeriya ta bi wannan hanya a 2022, ta shigar da Ingilishi a aji uku na firamare. Ruwanda kuwa a 2008 ta sauya harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Ingilishi kusan dare ɗaya, ta kuma sha wahala shekaru, domin malaman da aka ce su koyar da shi su ma ba su iya shi ba.

A dubi firamarenmu da idon gaskiya. Yaro a ƙauyen Dankasari ko Dumega yana zaune a ajin zana, yana fama ya haɗa baƙi da wasali cikin Faransancin da ba ya ji a gida. Malaminsa bai sami horon koyar da Ingilishi ba. Idan aka ɗora masa harshe na uku, ba za a samu Ingilishin ba, kuma za a ƙara raunana karatun. Aikin firamare shi ne yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi, kuma Nijar ta san tun makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973 cewa da harshen uwa aka fi saurin kaiwa can.

Ɗalibin lise kuwa lamarinsa daban ne. Na farko, ba su da yawa, kuma suna tattare a makarantu ƙalilan, don haka malamai kaɗan za su wadatar. Na biyu, ya riga ya tara shekara huɗu na kalmomi da ƙa'idoji a kansa, abin da ya rage a buɗe masa baki. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, ya fara sanin inda ya dosa. Mai shekara 17 ko 19 ya ga yayansa ya tafi biɗa Legas ko Kumasi, ya ga wata ta rasa gurbin karatu saboda ta kasa cike takarda, ya san abin da harshen zai saya masa.

Shi ya sa nake cewa ajin ya zama na zaɓi. Wanda ya zo don kansa ba ya buƙatar bulala, ba ya kuma hana na kusa da shi ji. Idan masu so kaɗai suka shiga, ana iya tsayar da aji a kan mutum 20 ko 25, adadin da kowa zai samu damar magana a kowane zama. Kuma tunda ba makin Bak ake nema ba, tsoron kuskure zai ragu, alhali tsoron kuskure da dariyar abokai su ne suka fi ɗaure harshen yaranmu. Wanda kuma ya ga ƙarfinsa ya fi amfani a lissafi ko Larabci, haƙƙinsa ne a bar shi, darasin dole ya ishe shi.

Abin da za a koyar

Kada ajin zaɓi ya zama maimaicin darasin safe. Abin da ɗalibi zai yi da harshen shi ya kamata ya tsara manhajar.

Mai niyyar ci gaba da karatu a koya masa sauraron lacca da ɗaukar bayani, cike takardar neman gurbi, rubuta wasiƙar gabatar da kai, da karanta shafi guda na littafin kimiyya ya taƙaita shi. Ƙofofin suna kusa: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a Maraɗi a 2013, wadda ke amfani da Ingilishi. Ko Jami'ar Doso, da aka kafa a 2014 ta kuma ba fasahar sadarwa muhimmanci, ɗalibinta ba zai yi nisa a ilimin kwamfuta ba tare da harshen ba. Haka guraben karatu da yawa na Indiya da Turkiyya da Sin.

Mai niyyar kasuwanci ko sana'a a koya masa rasit da takardar kaya, saƙon banki, bayanin jikin magani da injin ban ruwa, da yadda ake ciniki ta waya. Bututun man da ya taso daga Agadem ya nufi gaɓar tekun Benin ya ratsa jihar Doso, kuma a irin waɗannan ayyuka da kamfanonin waje, wanda ke iya magana kai tsaye da injiniya shi ake fara ɗauka.

Hanyar koyarwar ma ta sauya. Kowane zama a fara da magana, ɗalibai biyu-biyu, kafin a taɓa alli. A yi amfani da wayar da ke aljihun malami a saurari labarai, a naɗi muryar ɗalibi ya ji kansa. A ba su aikin da garin zai amfana da shi: rukuni ɗaya ya tattara kwalaben maganin feshi da na dabbobi da ake sayarwa a kasuwa, ya fassara bayaninsu zuwa Hausa, a liƙa a rumfar masu lambu. Wani rukunin ya je wajen dattawa ya ɗauko labarin Sarauniya Mangu da yaƙin Lugu na 1899 yadda mutanen wurin ke ba da shi, ya rubuta da Hausa, sannan ya mayar da Ingilishi. A ƙarshen shekara a gwada kowa baki da baki, a ba shi takardar shaida da ke faɗin abin da ya iya.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya

Yadda ake yi yanzu, yaro yana koyon harshe na uku ta hanyar harshe na biyu wanda shi ma bai gama zama a bakinsa ba. Idan bai gane bayanin Faransancin ba, ya rasa duka biyun. Babu dalilin wannan zagaye, domin tsakanin Hausa da Ingilishi an daɗe da shimfiɗa hanya. Ƙamus na Bargery ya fito tun 1934, na Neil Skinner daga Turanci zuwa Hausa ya biyo baya, Roxana Ma Newman ta fitar da nata a 1990, Paul Newman kuma a 2007. Ƙetaren iyaka akwai littattafan koyon Ingilishi da aka rubuta domin Bahaushe, masu araha. Ɗan Arewa yana da gatan da ɗan Dakar ko Abidjan ba shi da irinsa, sai dai ba mu yi amfani da shi ba. Inda aka samu ɗalibi Bazabarme ko Bafillace da Hausarsa ba ta yi ƙarfi ba, malami ya taimaka masa da harshen da ya fi ji.

Wannan kuma shi ne amsata ga masu fargabar cewa za mu sauke wani ubangida mu ɗauki wani. Fargabar tana da tushe. Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a Maris 2025, ƙungiyar da aka aza harsashinta a Yamai a 1970, kuma ba don mu koma raina harshenmu saboda Ingilishi aka yi haka ba. Mun ga gidaje a wasu biranen maƙwabta inda yara ke jin kunyar yin Hausa. Amma ajin da ake shiga da zaɓi, bayan yaro ya girma da harshensa, ana kuma yi masa bayani da Hausa, shi ne ke ajiye Ingilishi a matsayinsa na kayan aiki. Ɗalibin da ke fassara tsakanin harsunan biyu kullum, rubutun Hausarsa ma ƙarfi zai ƙara.

Malamai, kuɗi da ƴan mata

Wa zai koyar? Malaman da ke nan, muddin za a biya su ladan ƙarin sa'o'i a kan kari. Sai ƴaƴan yankin da suka yi karatu a Najeriya ko Gana suka dawo, waɗanda za a iya gayyata su jagoranci hira ƙarƙashin kulawar malami. Da hali ya yi, da horon hutu a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ya yi amfani ƙwarai. Amma mun ga an rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga kuma ƴan bindiga a dazukan kan iyaka. Don haka a gina shirin a kan abin da ke hannunmu, haɗin gwiwa da maƙwabta ya zama ƙari idan hanya ta yi kyau.

Kuɗin ba mai yawa ba ne: ladan malami, ƙamus kaɗan, ƴar na'urar ƙara sauti mai aiki da hasken rana, da takardu. Ƙananan hukumomi, kwamitocin kula da makarantu (COGES) da ƙungiyoyin ƴan asalin Arewa mazauna Yamai za su iya ɗaukarsa. Sharaɗi ɗaya ne ba za a sassauta ba: kada a karɓi kuɗi daga ɗalibi. Yanzu ma Ingilishin zaɓi yana nan, amma na masu hali ne, waɗanda ke ɗaukar malamin gida ko su tura ɗansu Akra ya yi wata shida. Idan aka sa kuɗin shiga, an sake ba mai shi ne kawai.

Lokacin ajin ma hukunci ne kan wanda zai samu shiga. Idan aka sa shi bayan magariba, an kori ƴan mata ke nan, domin iyaye kaɗan ne za su bar budurwa ta fita da dare, kuma suna da gaskiya. An kuma kori ɗan ƙauye da ke zaune gidan mai masauki, wanda ke ɗebo ruwa da aike da yamma. A sa shi da rana, ranar da ba a komawa aji, ko safiyar Asabar, a cikin harabar makaranta. A keɓe rabin gurabe ga ƴan mata, a zauna da iyaye mata tun farko a gaya musu ranaku da sa'o'i. Yarinyar da ta kai segon a Arewa ta riga ta tsallake shingaye masu yawa, bai kamata jadawali ya zame mata wani sabo ba.

Ba sai an jira umarni mai tsawo daga Yamai ba. Shugaban makaranta ɗaya a Dogon Dutsi da ɗaya a Tibiri, da amincewar hukumar ilimi ta gunduma, za su iya farawa a shekarar karatu mai zuwa. Bayan wata tara a tara iyaye, a kira ɗaliban ɗaya bayan ɗaya: ya yi magana ta minti biyar, ya karanta jikin kwalin magani ya bayyana da Hausa, ya rubuta wasiƙar neman gurbi. Idan sun iya, a kai shirin Matankari da Kore Mairuwa da Gesheme. Idan sun kasa, a binciki dalili a gyara, a sake gwadawa. Duk shekarar da aka jinkirta, wani rukunin ƴan tarminal ne zai fita da shekara bakwai na Ingilishi a littafin rubutu ba tare da ya iya amfani da shi ba, kuma alhakinsu yana wuyanmu mu manya.